Ranar Da Na Ajiye Abokina A Ƙarshen Layi

Shekaru masu yawa ke nan, tun kaina bai san furfura ba, na yi zaman aiki a Riyad. Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne. Ni ne mai kula da sito a wata masana'antar bututun roba da ke Birnin Masana'antu na Biyu, can kudu da gari, inda in ka ɗaga ido ba ka ganin komai sai rufin kwano da ƙurar manyan motoci. Aikina bai wuce in ga bututu ya shiga, in ga bututu ya fita ba. Jikina ne kawai a siton. Zuciyata kuwa tana cikin ƙananan littattafan soyayyar nan da aka fara bazawa a kasuwannin Kano a lokacin. Ƙanwata ce ke cusa mini su a kayan duk wanda zai taho, tsakanin ƙullin kuka da na daddawa, don haka duk soyayyar da na karanta a Riyad warin daddawa take yi. Ban damu ba. Na karanta su har bangonsu ya yi laushi kamar tsumma, na kuma fito da wata aƙida da na riƙe kamar karatun allo: jarumi ba ya fitowa da wuri. Sai an sha wuya, sai an fid da rai, sannan ƙofa ta buɗe a gan shi tsaye.

Abokina lebura ne a masana'antar, ɗan Damagaram, dogo mai faɗin kafaɗa, ba ya yawan magana sai in da ni ne. Ranar da ya ji ni Bakano ne, ya sauke bututun da ke kafaɗarsa ya ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya kawo mini bawa har ƙasar Larabawa." Na ce masa bautar da bawa ke zaune a inuwa yana rubutu, ubangidansa na dakon roba a rana, ai ba ta da laifi. Tun daga ranar bai ƙara kiran sunana ba, sai Bakano.

Yawancin masu aikin injuna a wurin 'yan Filifin ne, kuma su suka kawo mana wani wasa da ake kira besbol. Bayan masana'anta akwai wani fili mai tsakuwa, nan suke taruwa duk Juma'a bayan La'asar. Ga wanda bai san wasan ba: mutum ɗaya zai jefo ƙwallo mai tauri kamar goruba, ɗaya ya make ta da kulki ya ruga a guje. Akwai zango uku a fili. In ka zagaye su ka dawo gida, kun ci ɗaya. In ka kuskure ƙwallon sau uku, ko aka cafe ta a sama, ko ta riga ka isa zango, ka mutu. Mutum uku suka mutu, sai ku ajiye kulki ku koma tsaron fili, ɗaya ɓangaren su karɓa. Masu duka tara ne, bi da bi suke fitowa bisa layin da aka tsara tun kafin a fara, ba a tsallake kowa.

Ni sau biyu aka gwada ni. A na farko na rufe ido. A na biyu kulkin ya suɓuce daga hannuna ya kusa aske wa wani bawan Allah kunne. Daga nan kyaftin ɗinmu, wani gajeren ɗan Filifin mai gyaran injuna, wanda kuma shi ne mai jifanmu, ya miƙo mini fensir da bayan kwali ya ce in riƙa rubuta layi da ci, a can gefe, nesa da mutane.

Abokina kallo kawai yake zuwa. Wata Juma'a kyaftin ya miƙa masa kulki don a yi dariya. Ya karɓa ya riƙe shi kamar zai faskare ice. Kyaftin ya jefo. Ban ga dukan ba, ƙararsa na ji, tas, kamar an karya busasshen reshe. Ƙwallon ta tashi ta haye katangar wani rumbun kaya da ke maƙwabtaka da mu, ba mu sake ganinta ba. Abokina na tsaye bai ko motsa ba, sai da 'yan Filifin suka yi ta ihu suna nuna masa inda zai gudu. Kyaftin ya cire hularsa ya tambaye shi da Larabcin kasuwar da duk muke fahimtar juna da shi, "Sadik," wato aboki, "wa ya koya maka?" Ya ce ba kowa. Tun yana yaro shi ake turawa tsaron tsuntsaye a gonar gero, in ya gaji da ihu sai ya riƙa cilla tsakuwa sama yana make ta da sanda cikin garken. "Wannan ai babba ce," in ji shi. "Makaho ma ya same ta."

Daga nan ya zama gwaninmu. Na huɗu ake sa shi a layi, kamar yadda aka saba yi wa mai ƙarfin duka. Ni kuma na zama maroƙinsa. In ya fito sai in ji kamar ana buɗe babi na ƙarshe.

Cikin hunturun wata shekara aiki ya ja baya, aka fara rage leburori. Kafil ɗinmu, wato mai masana'antar da iƙamarmu, takardar izinin zama, ke hannunsa, ya ce ba zai sabunta ta abokina ba. Da na je ɗakinsu in yi masa jaje, na tarar da shi zaune a bakin gado yana kallon ƙasa. Na fara yi masa maganar arziki, cewa Allah na nan, aiki ba ya ƙarewa a duniya. Ya girgiza kai.

"Ba aikin ba ne, Bakano. Hajji ne."

Shekara biyu yana ƙasar, bai taɓa ganin Makka ba. Shekarar farko aka ce sabo ne, ba shi da hutu. Ta biyu aka zaɓi waɗanda suka riga shi zuwa, aka ce ya bari sai baɗi. Ga baɗin ta matso, saura zafi ya dawo a tafi, shi kuma ana shirin buga masa fita, wato hatimin barin ƙasar.

"Ranar da zan taho," ya ce, "tsohuwa ta raka ni har tasha. Ta ce ba ta son atamfa, ba ta son zinariya. In tsaya a Arfa in ambaci sunanta, shi ke nan. To in na koma yanzu, in ce mata me? Na je na yi dakon roba na dawo?"

Kyaftin ne ya samo hanya. Akwai wani Ba'amurke, manajan wani kamfanin kula da gidaje a wata unguwar Turawa mai katanga a arewacin gari, wanda besbol ya zame masa kamar ciwo. Yana da ƙungiya ta ma'aikatansa, kuma an san shi da ɗaukar mutum aiki saboda hannunsa. Kyaftin ya ba shi labarin abokina. Ba'amurken ya ce mu zo Juma'a mu buga da su. In ya ga abin da aka faɗa masa da idonsa, yana da gurbin mai ban-ruwan fulawa, zai karɓi kafalarsa. Kafil ɗinmu ma ya yarda zai sake shi, muddin mai karɓa ya zo kafin a buga fitar.

Ranar Alhamis bayan an tashi aiki muka je unguwar Murabba mu uku, muka zauna a wani shagon abinci na Yamalawa, aka kawo mana tiren kabsa. A nan gardama ta tashi.

Kyaftin ya ce gobe abokina ne na farko a layi. "Hunturu ne, rana gajera," ya ce. "Na farko ya fi kowa yawan riƙe kulki. Ina son mutumin nan ya gan shi sau uku, ba sau ɗaya ba. In ya kuskure a na farko, akwai na biyu."

Ni kuwa na ture shinkafa gefe na gyara zama. Na ce wannan tunanin makanike ne. In ya fito na farko, babu kowa a zango, ko ya aika ƙwallon Makka ɗaya za mu ci, kuma Ba'amurken bai ma gama zama cikin wasan ba. Amma a bar shi ya ga mutum takwas na yau da kullum, ya fara hamma, ya fara cewa ina gwanin da aka cika ni da labarinsa. Na shida da na bakwai da na takwas masu haƙuri ne, sun iya lallaɓawa su kai zango. In suka cika zangon nan uku, rana ta yi ja, kowa ya yi tsit, sannan abokina ya taso daga ƙarshen layi. Duka ɗaya, mutum huɗu su shigo gida. Na ce mutumin ba zai ɗauke shi aiki kawai ba, zai riƙa ba jikokinsa labari.

Kyaftin ya dube ni ya dubi abokina. "Me yake karantawa a siton nan?"

"Wasu littattafai ne masu warin miya," in ji abokina, yana yagar naman kaza. "Ku dai ku ba ni sanda."

"Na farko," in ji kyaftin. "Halas, magana ta ƙare. Gobe ni zan rubuta da hannuna."

Da haka ta kasance da ba ni da labarin da zan ba ku. Sai dai ranar Juma'a, muna dawowa daga masallaci, babban injin masana'anta ya tsaya, aka riƙe kyaftin. Ya biyo mu har bakin bas hannunsa duk baƙin mai, ya ɗaga mini yatsa ɗaya ta taga, ya ce zai biyo mu in ya gama.

A cikin bas na ɗora kwali a cinya. Ban yi a ɓoye ba, na juya na tambayi abokina, na farko yake so ko na ƙarshe. Ya leƙa bayan bas inda sauran suke, cikinsu har da wani dattijo mai walda da ya kusa haifarsa.

"Ni in shiga gaban mutum takwas, har da baban nan? Ranar da ake kallona? A ce Badamagare ya zo garin mutane yana rawar kai?" Ya gyara hularsa. "Kai ka yi boko, Bakano. Duk inda ka ajiye ubangidanka, nan zai zauna."

Abin da nake son ji ke nan. Na rubuta shi na tara, har da ɗan ado a ƙarƙashin sunan.

A ƙofar unguwar Turawan masu gadi suka tsayar da mu. Suka karɓi iƙamar kowa, suna duba hoto suna duba fuska, ɗaya bayan ɗaya, suna waya ciki, suna jira a amsa. Muna zaune a bas inuwar katanga na ƙara tsawo. Kafin su buɗe, rabin yammacin ya tafi. Suka kuma gargaɗe mu cewa da an yi Magariba baƙo ba ya ƙara minti a ciki.

Filin nasu ciyawa ce kore shar, an aske ta kamar kan ango. Abokina ya cire takalmi ya taka ta da tafin ƙafa. "Bakano," ya ce a hankali, "awaki nawa wannan za ta ƙosar? Kuma wasa suke yi a kai."

Ba'amurken ya taho da fara'a, ƙato, fuskarsa ja, shi ne ma mai jifansu. Ya ce tunda mun makara a fara kawai, ba gwaji. Ya karɓi kwalina ya bi da yatsa har ƙasa, ya ɗaga gira. "Na tara?" Na ƙame na ce masa da Turancina na ofis, ai abu mai daɗi a ƙarshe ake kawo shi. Ya yi dariya ya ce to, shi mai haƙuri ne.

Su suka fara duka. A nan na tuna abin da lissafina bai ɗauka ba: mai jifanmu yana can cikin inji. Wanda ya maye gurbinsa yaron kirki ne, amma ƙwallonsa ba ta san hanya ba. In ba ta bi ta bayan mai duka ba, sai ta zo masa a sannu kamar an miƙo masa goro. Suka yi ta ci, suka yi ta zagayawa. Abokina na can ƙarshen fili tsaye kamar turke, ba abin da ya je wurinsa. Da ƙyar muka kashe ukunsu.

Muka karɓa. Na ɗayanmu, na biyu, na uku, duk suka mutu kafin in gama fere fensir. Ba'amurken ya iya jifa, wannan ma ba wanda ya faɗa mini.

Suka sake karɓa, suka sake shimfiɗa zama. Na duba yamma na ga rana ta sauko kan katanga. Wani daga cikin 'yan Filifin ya matso ya raɗa mini cewa in je in roƙi mutumin a canza layi, ai wasan zumunci ne, ba zai ƙi ba. Gaskiya ya faɗa, na kuma san gaskiya ce. Na ce masa ya dakata tukuna. Ina jin kunyar in koma wurin wanda na yi wa karin magana in ce na fasa.

Da muka sake karɓar kulki, na huɗu ya mutu, na biyar ya bi shi. Saura mutum ɗaya a kore mu. Sai na shida ya ɗan taɓa ƙwallon ta gangara tsakanin mutum biyu, ya kai zango. Na bakwai ya yi irin tasa, shi ma ya tsira. Na takwas shi ne dattijon nan mai walda. Allah ya jiƙan haƙuri irin nasa. Duk ƙwallon da aka jefo sai ya goge ta ta fita gefe, a ruga a ɗauko, a sake jefowa, ya sake gogewa. Bai mutu ba, bai tafi ba. Sama ta yi ja kamar an zuba manja. A ƙarshe hannun Ba'amurken ya gaji ya yi ta jifa a karkace, alƙali ya ce dattijo ya wuce zango kyauta.

Zango uku suka cika, daidai yadda na zana a shagon Yamalawa, har da jan ranar. Na miƙe tsaye ina ɗaga kwali ina ihu da Hausa, "Ban faɗa ba? Ban faɗa ba?" Ba wanda ya san me nake cewa.

Abokina ya taso. Bai yi sauri ba. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya murza, ya ɗauki kulki ya tsaya. Matan Turawan da ke zaune a gefe suka daina hira. Ba'amurken ya yi murmushi, ya ja hularsa ƙasa, ya juya ƙwallon a hannunsa.

Sai ladan ya ɗaga murya daga masallacin da ke bayan katanga. Kafin ya kai ƙarshen kabbara wani ya amsa daga gabas, wani daga kudu, har garin duka ya ɗauka. Wanda ya zauna a Riyad a wancan zamanin ya san abin da wannan ke nufi. Mai shago na tsakiyar miƙa maka canji zai ja ƙofa. Masu gadi suka nufo fili suna tafa hannu, "Salla, salla!"

Ba'amurken ya ɗaga musu hannu, ya ɗaga wa abokina yatsa. Jifa ɗaya kawai, in ji shi. Ni ma na yi ihu, "Ɗaya ce! Ka tsaya!"

Abokina ya dube shi, ya dube ni. Leɓensa na motsi, yana amsa kiran. Ya sunkuya ya kwantar da kulkin a kan ciyawa a hankali, kamar mai kwantar da jariri, ya nufi famfo.

A wurin alwala na same shi, raina a ɓace. Na ce me ya hana shi, duka ɗaya ai ba ta hana salla. Ya gama wanke ƙafarsa kafin ya amsa.

"Bakano, ɗakin Allah nake neman zuwa. Ya kira ni, in ce masa ya dakata ina wasa?"

Da muka idar duhu ya fara rufe filin, kuma ba fitila a wurin. Na hango Ba'amurken yana tattara kayansa, matarsa na jiransa a mota. Na ruga na tare shi. Na ce a kunna fitilun bas, a haska, jifa uku kacal. Ya dafa kafaɗata da kirki ya ce suna da baƙi a gida, masu gadi ma ba za su bari ba. Na ce to Juma'a mai zuwa. Ya ce jibi zai tafi ƙasarsu hutun ƙarshen shekara, in ya dawo mu sake zuwa. Na ce ya ɗauke shi hakanan mana, na rantse masa da abin da na gani. Ya ce ya yarda da ni, amma kamfani ba nasa ba ne shi kaɗai, ba zai sa hannu a kan mutumin da bai taɓa ganin ya yi komai ba sai tsayuwa.

A bakin ƙofa muka ci karo da kyaftin, ya sauko daga tasi, ko wanka bai tsaya yi ba. Ya karɓi kwalin daga hannuna ya kanga shi a hasken fitilar masu gadi. Na ga idonsa ya sauka har ƙasa. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai kawai ya miƙo mini abina.

Akwai wani fegi a wajen katangar, ba gini sai yashi. Kyaftin ya ciro ƙwallo daga jaka ya ce wa abokina, "Yalla, sadik. Ɗaya." Suka taka cikin fegin. Da ƙyar nake ganin farar rigar abokina. Kyaftin ya jefa da duk ƙarfinsa, da duk haushin da bai sauke a kaina ba. Muka ji tas. Duk muka ɗaga kai, ba mu ga komai ba, ba mu kuma ji inda ta faɗi ba. 'Yan Filifin ba su yi ihu ba. Direba ya danna ham, muka shiga bas.

Kafin Ba'amurken ya dawo aka buga wa abokina fita. Mun je wurin kafil, ni da kyaftin, muka roƙi a ƙara masa ko mako biyu. Ya ce takarda ta riga ta wuce hannunsa.

Ni na raka shi filin jirgi. Na yi ta shirya kalmomin ban-haƙuri a hanya, irin masu sa a zub da hawaye a littafi, amma da muka tsaya a bakin layin awo sai duk suka gudu. Na ce masa kawai, "Ni na jawo." Ya ce rabo ne, abin da ba naka ba ko a bakinka yake sai ya faɗi, kuma ai an tambaye shi ya zaɓa. Ya ɗauki jakarsa, ya ɗan yi gaba, ya juyo.

"Amma Bakano, in ka sake tsara layi, ko na shan koko ne, kada ka sa ni a ciki."

Muka yi dariya. Sai da na koma ɗakina a unguwar Shifa na yi kukan.

A waccan shekarar ni na samu Hajji. Na tsaya a Arfa, na ambaci sunan tsohuwarsa, na yi mata addu'a gwargwadon iyawata. Amma ba muryata ta ce tana so ba.

Bayan na dawo gida da wasu shekaru, wata hidima ta kai ni Damagaram, na nemi gidansa. Ba wuya, kowa ya san shi. Yana sayar da hatsi a bakin kasuwa. Muna zaune a rumfarsa wata mata ta zo awo ta ce, "Alhaji, ina kwana." Ya ce, "Lafiya lau. Ban je ba tukuna." Ta yi dariya kamar wadda ta saba ji. Wani ya wuce a keke ya ce Alhaji barka da rana, ya ba shi amsa iri ɗaya. Ashe tun da ya sauka daga Saudiyya garin ya laƙaba masa Alhaji, shi kuma bai taɓa bari ta wuce ba tare da ya gyara ba, sau nawa a yini Allah kaɗai ya sani. Na tambayi labarin tsohuwa. Ya ce ta rasu damina biyu bayan dawowarsa. Ya ce ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba, ta ce dai tunda ya dawo da ƙafafunsa ta gode.

Kwanakin baya ɗana ya nuna mini a waya cewa har yau masana wasan na gardama a kan inda ya kamata a ajiye gwanin duka, wasu na biyu, wasu na uku, wasu na huɗu, kowa da hujjarsa. Ba ni da ilimin shiga cikinsu, ni da ban taɓa samun ƙwallo da kulki ba. Abin da na sani kaɗan ne: ka ajiye shi inda rana ba za ta faɗi kafin layi ya zo kansa ba. Nakan gaya wa kaina cewa ko da ya fito na farko wataƙila ya kuskure, wataƙila Ba'amurken ya sauya ra'ayi, wataƙila takardun su ƙi. Duk gaskiya ne, kuma na yarda da ƙaddara. Amma na so in ga abu mai kyau ya faru a gabana fiye da yadda na so abokina ya samu abin da yake nema, kuma a lokacin ban ma san akwai bambanci tsakanin biyun ba. Tun daga nan in ina da alherin da zan yi wa mutum, ba na jira a taru.

Abokina ya je Hajjin daga baya. 'Ya'yansa suka haɗu suka kai shi, bayan gemunsa ya yi fari fat, gwiwa ta fara gardama. Ranar Arfa da rana wayata ta yi ƙara, lambar Saudiyya. Hayaniya ta cika layin, da ƙyar na gane muryar.

"Bakano! Ubangidanka ne. Layi ya zo kaina."

Na ce Alhaji, Allah ya karɓa. Karo na farko bai gyara ba. Na tambaye shi ko ya isar da saƙon.

"Na faɗa," ya ce. "Sau uku na faɗa, da ƙarfi, har na kusa da ni suka juyo. Sai dai ba wanda zan koma in gaya wa na faɗa. Shi ya sa na kira ka."